Anti Labule da Fuskar da Ta Tsere Ta Gilashin Mota

Ko mai sharar ofis bai cika riga Anti Labule isowa ba. Za ta hau bene tana dafa ƙarfe saboda gwiwa, ta tura jaka da filas ɗin shayi ƙarƙashin tebur, ta hura wa tabarau iska ta goge da bakin mayafi, sannan ta kunna kwamfuta. Teburinta na can lungu, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki da ta daɗe da daina sanyaya kowa. Duk bidiyon da zai hau shafin wannan gidan labarai, sai ya bi ta wannan lungun.

Aikinta tace bidiyo, amma tana da wata ɗabi'a da ke cinye wa abokan aikinta rai. Kowane bidiyo sau biyu take kallonsa. Na farko da sauti, kamar kowa. Na biyu sai ta kashe sautin, ta ƙyale wanda ake labari a kansa, ta shiga bin gefe-gefen hoto: yarinyar da ta leƙo ta taga, matar da ke wucewa da cefane, lambar mota, allon shago, sunan da ke manne a ƙirjin ma'aikaci. Duk wanda bai kawo kansa gaban kyamara ba, sai ta dusashe masa fuska. Ita kuwa ba ta cewa dusashewa. Cewa take, "Bari in ja masa labule." Daga nan sunan ya kama ta, har wasu a ofishin suka gama aiki suka tafi ba su san na yanka ba.

Wannan watan take ajiye aiki. Babu wanda ya taɓa ganin sunanta a ƙasan wani labari, shi ya sa ya kamata a faɗe ta tun tana ji da kunnenta.

Ta shigo gidan tun ana buga jarida a takarda, tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu, mutum ya fito yana warin sinadari. A idonta injin buga jarida ya yi shiru, aka koma intanet. A idonta dogon rubutu ya gajarce, ya koma bidiyo, bidiyon ma ya gajarce har ya zama ba a gama sallama ya ƙare. Sauran tsofaffin ma'aikata suka tattara. Ita ta tsaya, ta koyi linzamin kwamfuta da hannun da ya saba da almakashi. Takan ce da masu tasowa, "Da can in mun yi wa mutum kuskure, washegari an naɗe ƙusa da shi a shagon kayan gini. Yanzu kuskurenku zai riga jikokinsa zuwa makaranta."

Su yi dariya, su koma kallon babban allon da ke bango, wanda ke nuna yawan masu kallo yana hawa yana sauka. In ya hau, ofis ya ɗau fara'a. In ya sauka, ko gaisuwa sai a hankali.

Direban ofis ya shaida ranar da aka kawo bidiyon hatsarin mota, ta riƙe bidiyon ta hana shi fita har sai da aka tabbatar an sanar da mahaifiyar mamacin. Mai gadi ya shaida ranar da wata mata ta zo har ƙofa tana neman "wadda ta rufe ni", domin an zarge ta da sata a kanti, daga baya aka ga kayan a bayan teburin mai kantin, kuma har yau maƙwabtanta ba su san ita ce ba. Waɗannan kaɗan ne. Amma abin da ya fi nuna ko wace ce Anti Labule, shi ne ranar da labulen nata ya gaza.

Da hantsi ne wani ya turo wa gidan bidiyo, su kaɗai, bai ba kowa ba tukuna. Wani magidanci ne da rigar aiki a bakin ƙofar makarantar firamare, yana tangaɗi, yana zufa, yana maganar da ba ta fita. Wani ya taɓa shi, ya doke hannun. Ya jingina da wata mota da aka ajiye, ya sulale ƙasa. Ana jin dariyar mai ɗauka. Saƙon da ya biyo bayan bidiyon gajere ne: malamin lissafi ne, ya yi tatul tun da safe.

Edita, matashi mai saurin tafiya da saurin magana, ya zo ya tsaya a kanta.

"Anti, wannan namu ne mu kaɗai. In muka yi jinkiri zai tura wa wasu."

"Wa ya ce ya sha?"

"Wanda ya ɗauka."

"Shi ya shinshina bakinsa?"

"Anti, don Allah. Zan sa alamar tambaya a ƙarshen kanun."

"Alamar tambaya," in ji ta, tana jinjina kai. "Ita kam ta sha ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta a gidan nan."

Ta rufe fuskar mutumin. Ta rufe allon makarantar, ta rufe lambar motar, ta rufe fuskokin ɗalibai. Ta kashe sauti ta soma kallo na biyu, ta ga hannun mutumin yana ta laluben aljihu, ta ga wani abu mai ƙyalli ya faɗi ƙasa. Ba ta gane mene ne ba. Tana shirin mayar da shi baya, edita ya ranƙwafo.

"Ya yi, Anti. Kin rufe kowa, saura ki rufe motar."

Ta bar shi ya tafi. A duk shekarunta, wannan ne bidiyon da ba ta kai kallo na biyu ƙarshe ba.

Allon bango ya fara hawa kamar an kunna masa wuta. Ana ta tafawa. Kafin rana ta karkata, wani daga cikin masu kallo ya tsayar da bidiyon daidai inda mutumin ya jingina da motar, ya faɗaɗa hoton, ya ɗora a ƙasan labarin. Fuskar da aka dusashe tana nan a dusashe. Amma a gilashin ƙofar motar, ga ta nan tar, har da furfurar gemu. A ƙasa ya rubuta: "Ai malamin ajinmu ne."

Sunansa ya fito. Sunan makarantar ya fito. Wani ya kawo hoton ƙofar gidansa. Wani ya ɗora wa tangaɗin nasa kiɗa, ya dace da kowane taku, aka shiga yaɗawa. Masu wa'azi suka yi wa'azi, masu barkwanci suka kwaikwayi tafiyar. Washegari makaranta ta dakatar da shi, ta kira taron iyaye a ƙarshen mako don a yanke ko zai sake shiga aji.

Anti Labule ta daɗe tana kallon gilashin motar nan a allonta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tsaya neman wanda za ta ɗora wa ba. Ta ɗauki jakarta ta sauka ƙasa.

"Ƙanena, ta da mota."

"Ina muka nufa, Anti?" in ji direba.

"Gidan da duk duniya ta sani yanzu. Ba za mu ɓata ba."

Matar malamin ce ta buɗe ƙofa, rabi kawai. Da ta ji daga inda suke, sai ta yi wata gajeriyar dariya.

"Kun zo ɗaukar kashi na biyu?"

"A'a, 'yar'uwa. Ni ce na tace na farkon. Ni na bar fuskarsa a gilashi. Na zo in faɗa da bakina."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. Da alama ta shirya wa mai musu, ba ta shirya wa wannan ba. Ta saki ƙofar.

Malamin na zaune a falo, labulen taga a sauke, wayarsa a kashe kan tebur. Kusa da wayar akwai ɗan abin gwada jini da kwalin allura da gwangwanin alawa. Anti Labule na ganin ƙyallin takardar alawar, ta gane abin da ya faɗi ƙasa a bidiyon.

Ciwon suga ne. Ya yi allurarsa da safe, ya fita a gurguje bai karya ba saboda ranar jarrabawa ce, sugan ya sauka masa a bakin ƙofar makaranta. Laluben aljihun nan, alawa yake nema. Ya ciro ta, yatsunsa suka kasa ɓare ta, ta faɗi.

"Mai shagon magani na tsallaken titi ne ya taimake shi," in ji matar. "Ya ɗura masa lemo, ya farfaɗo. Wannan ba ku nuna ba."

"Ba a turo mana ba."

"Ai dama. Inda taimako ya fara, nan mai ɗauka ya kashe waya."

Malamin ya yi magana a hankali, irin ta wanda ya saba jira aji ya yi shiru.

"Hajiya, ban taɓa gaya wa makaranta ina da ciwon nan ba. Ina tsoron a ce na gaza. Yanzu ga shi sun samo min wani ciwon da ya fi shi suna." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Jiya na leƙa shago, yara suka bi ni suna wannan kiɗan da baki. Yaran da ni na koya musu raba lamba."

"Malam, ban zo ba da haƙuri kawai ba. Haƙuri ba ya mayar da mutum aji. Ka ba ni dama in gyara."

Ta koma ofis ta tarar allon bango yana kan ganiyarsa. Ta ja kujera ta zauna a gaban teburin edita, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce. Duk ofis ya san in ta kira shi haka, akwai magana. "A cire shi."

Ya saurare ta har ƙarshe, fuskarsa na sauyawa. Ba mugu ba ne, yaro ne da aka ɗora wa allon bango a wuya. Ya cire bidiyon nan take, sannan ya buɗe hannuwa.

"Na cire, Anti. Amma an riga an kwashe. Yana shafuka ba iyaka."

"To, mu yi wani. Mu faɗi gaskiyar abin da ya faru, mu ce mun yi kuskure."

"Gyara ba ya tafiya. Kin fi ni sani. Wanda ya kalli mutum yana tangaɗi da kiɗa ba zai tsaya jin bayanin suga ba. Mu zubar da mutuncin gida a banza, kuma babu mai kallo."

"Mutuncin gida yana can a gilashin mota, ɗana. Ni zan je in ɗauko shi. In za ka zo, akwai wuri a baya."

Da gari ya waye, direba ya tarar da edita tsaye a jikin mota, rungume da fitilar ɗaukar hoto.

A falon malamin suka kafa kyamara. Mai shagon magani ya rufe shagonsa ya zo, ya faɗi abin da ya gani. Edita ya tsaya gaban kyamara ya ce gidansu ne ya yi kuskure, babu alamar tambaya. Da aka zo kan malamin, Anti Labule ta ce masa kada ya damu, za ta ja masa labule, wannan karon har gilashi, har cokali in ya yi ƙyalli.

Ya girgiza kai.

"A'a, Hajiya. Mutane sun saba, duk wanda aka rufe wa fuska a waya, mai laifi ne. Na gaji da ɓuya. Na ɓoye ciwo, ga inda ya kai ni. Ki bar ni a buɗe."

Matarsa ta ce, "Ka tabbata?"

"Sun gan ni a ƙasa. Su gan ni a zaune."

Direba ya ce da suka koma ofis, ya ga hannun Anti yana kaiwa ga linzami yana dawowa, kamar hannun bai yarda ba. Sau biyu ta kalla, na biyu babu sauti, har ƙarshe. Sannan ta saki fuskar mutum a buɗe, da izinin mai ita.

Edita ya yi gaskiya, gyaran bai tafi ba. Allon bango ko motsin kirki bai yi ba. Wani ma ya rubuta a ƙasa: "An dai ba su wani abu." Edita ya zo lungunta jiki a sanyaye.

"Kin gani, Anti? Ko kashi ɗaya cikin ɗari na masu kallon na farko ba mu samu ba."

"Su waye za su yanke hukunci ranar taro?"

"Iyaye da shugabar makaranta."

"To, su nake nema. Sauran duniya ta ci gaba da rawarta."

Ranar taron ta hau matakalar zauren makarantar tana dafa bango, direba na biye da ita da kwamfuta. Zauren ya cika. Malamin na zaune a gefe, matarsa a bayansa. Shugabar makarantar ta so ta hana baƙi magana, Anti Labule ta ce ita ba baƙuwa ba ce, da hannunta aka kunna wutar. Aka bar ta.

Wani uba mai babbar murya ya miƙe. "Baiwar Allah, ba labari aka ba mu ba. Da idonmu muka gani."

"Gaskiya ne, Alhaji. Sau nawa ka kalla?"

"Ban ƙirga ba."

"Da kiɗa ko babu?"

Aka ɗan yi dariya. Ya ce da kiɗa.

"To, yau mu kalla yadda nake kallo."

Ta haska ainihin bidiyon a bango, ta kashe sauti, ta rage masa gudu. Babu dariyar mai ɗauka, babu kiɗa. Sai wani mutum da zufa ta jiƙa wa riga, hannunsa na rawa yana neman aljihu, ya samu, ya ciro wani ɗan abu, yatsu suka ƙi, abin ya faɗi, ya bi shi da ido yana sulalewa. Ta tsayar da hoton, ta faɗaɗa ƙasa. Alawa ce a takardarta.

Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ce a hankali, "Haka maigidana yake yi in nasa ya sauka." Mai shagon magani ya tashi ya faɗi nasa. Sannan malamin ya miƙe da ƙafarsa, ya ce yana da ciwon suga, ya ɓoye, bai kyauta ba, kuma yana son komawa ajinsa domin yara sun tsaya a tsakiyar darasi.

Uban nan mai babbar murya ya ciro wayarsa ya daɗe yana latsawa. Na kusa da shi ya ce gogewa yake. Da aka zo ɗaga hannu, nasa ya riga na kowa.

Malamin ya koma aji a makon da ya biyo. Yanzu akwai gwangwanin alawa a kan teburinsa, kuma duk ajin sun san amfaninsa.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin ya ƙare da kyau tsaf. Intanet ba ta san an yi taro ba. Har yau, in an kwana biyu, sai wani shafi ya tono bidiyon nan da kiɗansa, ya ɗora kamar yau abin ya faru. Kuma duk inda ya ɓullo, in ka gangara cikin tsokaci, za ka tarar da wata ta riga ka. Ba ta zagi, ba ta dogon wa'azi. Za ta rubuta cewa mutumin ba shi da lafiya ne, ta liƙa bidiyon gyara, ta roƙi mai shafin ya cire. Wasu su cire, wasu su zage ta. Ta wuce na gaba. Edita ya taɓa ce mata wannan aikin ba shi da ƙarshe. Ta ce, "Shara ma ba ta da ƙarshe, amma ban ga gidan da aka daina ba."

Anti Labule, ke ce mai kallo na biyu. Ke ce kika tsaya a ƙofar da kowa ke gudu ya wuce, kika ce a dakata a ga wa ke gefe. Akwai mutane da yawa a garin nan da ke tafiya kasuwa, suna ɗaurin aure, suna neman aiki da fuskarsu a sake, ba su san akwai ranar da mutuncinsu ya kwana a ƙarƙashin yatsanki ba. Ba za su gode miki ba, domin ba su san ki ba, kuma haka kika so. Ranar da kika yi kuskure, ba ki ɓuya a bayan kwamfuta ba. Kin taka da gwiwar nan taki har ƙofar wanda kika cuta, kika tsaya sai da ya koma bakin allonsa. Mun gode. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa bayinsa, ya ba gwiwar nan hutu.

Ta riga ta kwashe filas da tabarau daga lungun. Edita ya hana a taɓa teburin, ya kuma kafa doka cewa babu bidiyon da zai fita sai an kalle shi babu sauti, har ƙarshe. Amma gidan labarai guda ba zai iya ba, domin yau kowa gidan labarai ne. Wayar da ke hannunka ta fi injin jaridar da Anti ta tarar ƙarfi, kuma babu wani lungu tsakaninka da duniya sai babban yatsanka. In an turo maka bidiyon wani yana faɗuwa, kafin ka tura gaba, kashe sautin. Sake kallo. Duba hannunsa, ka ga abin da yake nema a aljihu.